Tayar bayan babur ɗin tsere: a tsaya kan girman asali ko a ƙara?

Duk wanda ya sayi babur ɗin tsere, wanda samari ke kira fawa-baik, ranar da tayar baya ta suɗe ce ranar da zai gane ya yi nisa da Legas. A Birnin Kebbi, Jega ko Argungu, tayar Boxer da ta Jincheng ko'ina ka juya ga ta nan. Amma 180/55 ko 190/50 sai an buga waya Kano ko Abuja ko Legas, a turo hoto ta WhatsApp, a biya, a sa a mota. A nan kuskure ke shigowa, domin amsar da aka saba ji daga can ita ce: "Yallaɓai, 180 ta yanke, amma akwai 190, ta ma fi cika baya." Kuɗi ya riga ya tafi kafin mai babur ya san ko za ta zauna a ƙafarsa.

Wani lokaci takan zauna lafiya lau. Wani lokaci kuwa ta ɓata tafiyar babur ɗin har ta ƙare, mai shi yana ta zargin shokoba ko ya ce bodi ya karkace. Abin da ke raba gardama yana rubuce a jikin rim, kuma minti biyu ya isa a karanta shi. Sai dai kafin a je can, dole a san abin da lambobin jikin taya ke faɗa.

Ɗauki 180/55 ZR17 M/C 73W. Lamba 180 faɗin tayar ce a milimita. Ita kuwa 55 kaso ce cikin ɗari: tsayin tayar daga leɓen rim zuwa ƙololuwar doronta kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin, wato milimita 99. Wannan lamba ta biyu aka fi rainawa, alhali ta fi ta farko sauya halin babur. ZR na nufin radiyal ce, wato mai zaren ciki da ya ratsa kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe, da aka gina don gudun da ya haura kilomita 240 a awa. Lamba 17 girman rim ce a inci, M/C kuma alamar tayar babur. Sai 73, ma'aunin nauyin da za ta ɗauka, kilo 365; in 75 ce kilo 387, 69 kilo 325, 66 kilo 300, 62 kilo 265. Harafin ƙarshe iyakar gudu ce: S kilomita 180 a awa, H 210, V 240, W 270. Ana iya sayen wadda ta fi ta asali a nauyi ko a gudu, amma ba a sauka ƙasa da ita.

Masu Boxer sun saba da 3.00-17, inda 3.00 faɗi ne a inci, kusan milimita 76, babu wata lamba ta biyu. Shi ya sa mai facin da ya shekara ashirin yana aikin baburan kabu-kabu zai dubi 190/50 da 190/55 ya ce maka, "Maigida, ai duk guda na, ko wacce ka sa tahiya za ta yi." Ba ƙarya yake son yi maka ba, aikin ne bai taɓa biyowa ta hannunsa ba. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Inci 17 milimita 431.8 ne. Ka ninka tsayin taya sau biyu ka haɗa da wannan, ka sami tsayin ƙafar gaba ɗaya. Na 180/55 ya kama milimita 630, na 190/50 ya kama 622, na 190/55 kuma 641. Lura da kyau: 190/50 ta fi 180/55 faɗi amma ta fi ta gajarta.

Rim ne ke zaɓar taya

Sami tsumma da ɗan kananzir ka goge man sarƙa da ƙurar da suka danƙare a jikin ƙafar baya. A jikin ɗaya daga cikin hannayen rim, ko kusa da bakinsa, za ka ga rubutu irin 17 x MT5.50 ko 17 x MT6.00. Lambar ƙarshe faɗin cikin rim ce a inci, daga leɓe zuwa leɓe. Ita ce iyakarka. Rim mai inci 3.5 gidan 130/70 ne, yana kuma karɓar 140/70. Mai inci 4.0 na 140/70 da 150/60. Mai 4.5 na 160/60. Mai 5.5 na 180/55. Mai 6.0 na 190/50 da 190/55, har 200/55.

Kada ka kwafi girma daga tayar da ka tarar a jikin babur, musamman ɗan Kwatano. Wanda ya sayar maka ma tana yiwuwa abin da ya samu ya sa. Duba takardar da aka manna a jikin suwin-am, wato hannayen ƙarfe biyun da suka riƙe ƙafar baya, ko a murfin sarƙa. Nan kamfani ke rubuta girman taya da yawan iska. In takardar ta ɓare, littafin babur ɗin yana samuwa a intanet da sunansa da shekararsa.

Sai maganar da ta fi kowacce cin kuɗin mutane, cewa taya mai faɗi ta fi kama ƙasa. Yawan robar da ke taɓa kwalta a lokaci guda, nauyi da iska ne suka fi yanke shi. Idan nauyin da ke kan ƙafar baya kilo 150 ne, iska kuma psi 42 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), wurin da ya taka ƙasa bai wuce santimita murabba'i 50 da ɗan wani abu ba, kusan girman katin ATM. Ka sa 190 a madadin 180, siffar katin nan ce za ta ɗan sauya, girmansa na nan kusan yadda yake. Dalilin da ya sa kamfanoni ke sa taya mai faɗi a manyan babura shi ne injin da ke ba da ƙarfin doki 160 zuwa 200 dafa roba yake yi. Taya babba tana raba zafin a jiki mai yawa, kuma tana ba da wurin taku mai kyau sa'ad da babur ya kwanta sosai a kwana ana ba shi wuta. Babur mai ƙarfin doki 40 ba shi da wannan ciwon, don haka ba ya buƙatar maganinsa. Faɗi kuma ba kyauta yake zuwa ba. In babur ya kwanta, wurin takun yana matsawa gefe, ya yi nesa da tsakiyar babur, sai an ƙara kwantar da shi kafin ya sha kwanar da a da yake sha ba wahala. Abin da mahaya ke nufi ke nan in suka ce babur ya yi taurin kai.

Masu inji mai cc 600: 180/55 ko 190?

Yamaha R6, Honda CBR600RR, Suzuki GSX-R600 da GSX-R750, Kawasaki ZX-6R, duk sun fito da 180/55 a kan rim mai inci 5.5. Haka Yamaha MT-07 da MT-09. Masu waɗannan aka fi tallata wa 190.

Gaskiya ne wasu kamfanonin taya sun sa inci 5.5 a matsayin mafi ƙanƙantar rim da 190 za ta iya hawa, saboda haka ba haramun ba ne. Amma a kan inci 6.0 aka auna ta aka tsara doronta. In aka matse ta a 5.5, leɓunanta biyu suna kusantar juna da rabin inci, faɗinta ya ragu da kusan milimita 5, doron ya ƙara tsini, gefunan kuma su lanƙwashe su kalli gefe maimakon ƙasa. Ka biya kuɗin 190, ka sami wani abu kamar 185, kuma robar da ke can ƙarshen gefe ba za ta taɓa ganin kwalta ba sai ranar da babur ya faɗi. Ga ƙarin nauyi a wurin da nauyi ya fi illa, domin abu ne mai juyawa, kuma shokoba ce ke fama da shi a kowane rami. Ga sarƙa da ta matso kusa da roba.

A kan rim mai 5.5, a tsaya kan 180/55. Ita ce ma ta fi sauƙin samu cikin duk manyan tayoyin nan, saboda yawan baburan da ke amfani da ita, don haka in mai sayarwa ɗaya ya ce ta yanke, na biyu yana da ita. Akwai 180/60, mai tsayin milimita 108, wadda ke ɗaga baya da milimita 9. Masu tsere a fili na musamman ake yi wa ita, kuma galibi da roba mai laushi take zuwa. Ba ta da aikin yi tsakanin Birnin Kebbi da Jega.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne juyin wannan ya fi sauƙi. Rim mai inci 6.0 yana karɓar 180/55, kuma ma'aunin nauyinta 73 ne, daidai da na 190/50. Mai tsohon babur mai cc 1000 da ya rasa 190/50 zai iya sa ta ya ci gaba da harkarsa; bayan zai ɗaga da milimita 4 kacal, kai kuma ya ɗan yi sauƙi.

Masu 1000: 190/50 ko 190/55?

A nan ne ake da zaɓi na gaske, domin duka biyun a kan rim mai inci 6.0 aka tsara su, faɗinsu ɗaya a takarda, kuɗinsu ba nisa.

Suzuki GSX-R1000 ta yi amfani da 190/50 har zuwa 2016, ta koma 190/55 daga 2017. Yamaha R1 ta koma 190/55 tun 2009. Honda CBR1000RR ta zauna kan 190/50 daga 2004 har 2019. Hayabusa 190/50 ce. BMW S1000RR ta fito da 190/55. Yawancin baburan 1000 da ke shigowa Najeriya a matsayin na hannu tsofaffin ne masu 190/50, don haka tambayar da aka fi yi ita ce ko a hau zuwa 55.

Tsayin 190/50 milimita 95 ne, na 190/55 kuma 104.5. Bambancin milimita 9.5 ne daga aksul zuwa ƙasa, 19 a tsayin ƙafar duka, kusan kashi 3 cikin ɗari a tazarar da take ci a juyi ɗaya. A ido ba komai ba ne. A kan babur kuwa abubuwa da dama yake taɓawa lokaci guda.

Na farko, baya ya ɗaga, babur ya ɗan sunkuya gaba. A babur da tazarar ƙafafunsa ta kai milimita 1,400, wannan yana miƙar da kusurwar ƙafar gaba da kusan digiri 0.4. Kai yana saurin juyawa, babur yana shiga kwana da ɗan taɓi. Doron 55 kuma ya fi na 50 tudu, don haka yana saurin kwantawa, kuma in ya kwanta robar da ke ƙasa ta fi yawa. Abin da aka bayar a madadin wannan shi ne ɗan kwanciyar hankali a miƙaƙƙiyar hanya. Babur da dama can yana rawar kai in an ba shi wuta a kan kwalta mai gargada, ko wanda shokobarsa ta gaba ta mutu, ko boris ɗin wuyansa ya saki, 190/55 za ta ƙara tono masa asiri.

Na biyu, giya ta ƙara tsawo da kashi 3 cikin ɗari. A babur mai haƙora 42 a sufuroket na baya, kamar an cire haƙori ɗaya da ɗan ƙari ne. Tashi daga tsaye yana ɗan yin sanyi, inji kuma ya ɗan huta a doguwar tafiya. Wanda abin ya dama ya ƙara haƙori ɗaya, daga 42 zuwa 43, ya maido kashi 2.4, amma ya tuna babban sufuroket yana jawo ƙafar gaba, wato yana cin wurin da sabuwar tayar ke buƙata.

Na uku, agogon gudu. Da yawa cikin tsofaffin baburan Japan daga akwatin giya suke karanta gudu, ba su san an sauya taya ba. Inda agogo ya nuna 100, babur yana gudun da ya fi na da da kilomita 3. Tunda agogon kamfani dama yakan ɗara gaskiya kaɗan, wannan ba abin tashin hankali ba ne.

Na huɗu shi ne mai haɗari. Babur mai birkin ABS, wanda ke hana ƙafa kullewa in an taka birki, da na'urar hana taya sulɓi yana kwatanta juyin ƙafar gaba da na baya ne a kowane lokaci. In ƙafar baya ta ƙara girma, juyinta ya ragu, sai kwamfutar babur ta ɗauka komai lafiya ko da tayar ta fara zamewa, ta makara wajen rage wuta. In ta rage girma, sai ta riƙa yanke wuta ba dalili. Wasu sababbin babura suna iya sake koyon girman taya, wasu ba sa iyawa. CBR1000RR ta 2017 zuwa 2019 misali ce: tana da wannan na'ura kuma da 190/50 aka saita ta. Irin wannan a bar shi yadda kamfani ya yi shi.

To a hanyoyinmu wacce ta fi? Abin da ke ba 190/55 rinjaye a nan ba kwana ba ne, domin kwanonin da za a kwantar da babur har gwiwa ta kusa ƙasa ba su da yawa a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai. Rami ne. Bayan damina, bakin ramin kwalta kaifi gare shi kamar an yanka da wuƙa, kuma milimita 9.5 na ƙarin roba da iska tsakanin wannan kaifin da rim ɗin alminiyom ba abin rainawa ba ne. Rim da ya lotsa yana sakin iska a hankali, wanda ya tsage kuwa sai an nemo wani, kuma nemo rim ɗin GSX-R ya fi nemo taya wuya nesa ba kusa ba. Ma'aunin nauyinta ma 75 ne, kilo 22 sama da na 190/50, ga mai ɗaukar mutum a baya.

Ita kuwa 190/50 tana da mutanenta. Gajeren mahayi da dama da kan yatsu yake taka ƙasa zai ji ƙarin tsayin nan ranar da ya tsaya a gefen titi ƙafarsa ta nutse a yashi, da babur mai kilo 200 a tsakanin cinyoyinsa. Mai Hayabusa da aikinsa doguwar tafiya ce, Sakkwato yau, Yawuri gobe, ba abin da zai ƙaru da shi daga saurin juyin kai. Nutsuwar babur ita ce jarinsa. Ƙarfen jingina na gefe ma yakan zama kamar ya gajarta, babur ya ƙara karkata in an ajiye shi, a ƙasa mai laushi kuma nan da nan ya kife.

Hukuncin dai: tsohon babur 1000 marar na'urar hana sulɓi, mai lafiyayyar shokoba, in akwai wuri, 190/55 ta fi masa. Wanda ya fito da 190/55 kuwa kada a saukar da shi zuwa 190/50 ko da ita kaɗai ta rage a kasuwa: baya zai zauna, kai ya yi nauyi, ma'aunin nauyi ya sauka ƙasa da na kamfani. Amma 200/55, wadda ke zuwa a irin su R1M, tana ƙara milimita 5.5 a kan 190/55, ta fi tsada, ta fi wuyar samu, kuma ranar da ƙusa ta same ta a Koko za ka san ka sayi abin da babu irinsa a kusa.

Ƙananan: 140/70 ko 150/60?

Kawasaki Ninja 300, Yamaha R3 da Honda CBR250R da 140/70 suka fito. Ninja 400 da KTM 390 da 150/60. Duk a rim mai inci 4.0, duk ma'aunin nauyi 66. Masu 140 suna kwaɗayin 150 saboda ido, ba tare da sun lura ta fi gajarta ba: tsayin 140/70 milimita 98 ne, na 150/60 kuma 90. Baya zai sauka da milimita 8, kai ya ɗan yi nauyi, inji ya ƙara juyi da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari a gudu ɗaya, roba tsakanin rami da rim kuma ta ragu. Dalili ɗaya mai ƙarfi na komawa 150/60 shi ne an fi samun radiyal masu kyau a wannan girman. In za a yi haka, a sauya ta gaba ma zuwa radiyal 110/70 R17. Haɗin da ya fi muni shi ne radiyal a gaba, wadda ba radiyal ba, mai saƙar gicciye, a baya. Ban da wannan dalili, 140/70 ta fi dacewa da hanyarmu, ta fi sauƙin kuɗi, ta fi sauƙin nauyi ga inji mai ƙarfin doki 40. Kada a cusa 160/60 a inci 4.0, ta Ninja 650 ce da CBR500R masu rim 4.5.

Masu Pulsar NS200 da Apache 200 da ke kan 130/70 za su iya hawa 140/70, baya ya ɗaga da milimita 7, in sarƙa ta ba da wuri. Daga nan a tsaya.

Awon wuri kafin a tura kuɗi

Ɗaga ƙafar baya ta bar ƙasa, ka juya ta da hannu. Wurare huɗu ake dubawa: tsakanin gefen taya da sarƙa, tsakanin ɗaya gefen da suwin-am ta ɓangaren birki, gaban doron taya inda hannayen suwin-am biyu suka haɗu, da sama ƙarƙashin madigadi. A gefe, ƙarfen alanki mai milimita 6 ya shige ba tare da ya goga ba, bayan an sa sabuwar. A gaban doro a bar aƙalla milimita 10, domin taya tana ɗan kumbura da zafi da gudu.

Kuskuren da ake yi shi ne a auna da tsohuwar taya a manta ta cinye. Tayar da ta suɗe ta rasa kamar milimita 5 na roba a tsakiya. Wanda zai tashi daga suɗaɗɗiyar 190/50 zuwa sabuwar 190/55 sai ya haɗa 5 da 9.5 da 10: yana buƙatar ganin gibin kusan milimita 25 a gaban tayar da ke kai yanzu. Kuma ya dubi inda aksul yake a cikin ramin jan sarƙa. Tsohuwar sarƙa da ta miƙe tana tura ƙafar baya, ta ba da wurin ƙarya. Ranar da aka sa sabuwar sarƙa ƙafar za ta dawo gaba, taya ta fara cin ƙarfe. Bayan an ɗaura, a shafa alli a gefunan tayar da ƙarƙashin madigadi, a ɗauki mutum a baya, a bi ta kan tudun rage gudu biyu ko uku a hankali, a sauka a duba inda allin ya goge. Lamba ɗaya daga kamfani biyu ma takan bambanta da milimita kaɗan, don haka ana maimaita awon nan duk sa'ad da aka sauya kamfani.

Abin da ya fi milimita goma muhimmanci

Sabuwar 180 ta fi tsohuwar 190 kama ƙasa ko ta wace fuska. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Ka ce a turo maka hoton wannan wurin kafin hoton zane. Michelin na ba da shawarar a riƙa bincikar taya duk shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma ko da zanenta na nan. A inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, kuma ba ka san shekara nawa ta yi jingine a rana ba, wadda ta wuce shekara uku ko huɗu sai da rangwame mai yawa da bincike mai tsanani.

In ta hannu ce, danna farce a robar. Lafiyayya tana karɓar farce ta dawo, wadda ta ƙeƙashe kamar robar bokiti take. Buɗa ramukan zane da yatsa ka nemi ƙananan tsaga. Haska cikinta da fitilar waya ka nemi faci. Shafa tafin hannu daga gefe zuwa gefe: in tsakiya ta baje kamar ta mota har ka ji kusurwa kafin gefe, ta gama aiki, domin babur zai ƙi kwantawa sannan ya faɗa kwana gaba ɗaya. Akwai kuma mai ruɗin ido, wadda tsakiyarta sabuwa fil amma gefunanta sun yi ƙuraje da shuɗi-shuɗi. Daga filin tsere aka ciro ta, ta yi zafi ta huce sau da yawa, kuma robarta mai laushi ba za ta jure miƙaƙƙiyar kwalta mai zafi ba.

Wannan ya kawo maganar iri. Hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yawuri, ko ta Argungu zuwa Sakkwato, tsakiyar taya take ci. Irin su Pirelli Diablo Supercorsa za su baje a tsakiya gefensu ko taɓawa ba a yi ba, kuma zanensu kaɗan ne ga ruwan Agusta. Masu tauri a tsakiya da laushi a gefe, irin Michelin Road 5 da Road 6, Bridgestone T32 ko Pirelli Angel GT, sun fi daɗewa sosai kuma sun fi korar ruwa. Mai son tsaka-tsaki ya dubi Bridgestone S22 ko Diablo Rosso. Yashin da iska ke shimfiɗawa a bakin kwalta lokacin hunturu kuwa, babu girma ko irin da ke maganinsa, sai sassauta totur tun daga nesa.

Iska a auna ta da safe kafin babur ya motsa. Yawancin 600 da 1000 na Japan psi 36 ne a gaba, 42 a baya. Ƙananan sun fi ƙasa da haka, R3 29 da 36. Bayan tafiya geji zai nuna ƙarin psi uku zuwa biyar, kuma daidai ne, kada a rage. Masu rage iska saboda tsoron fashewa a zafi suna jawo abin da suke gudu, domin taya marar iska lanƙwashewa take yi a kowane juyi, lanƙwasa kuma ita ke haifar da zafi. Sayi gejinka ka sa a aljihu; na bakin hanya ya sha faɗuwa.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan aikinka. A kwantar da ƙafar a kan katako biyu ko tsohuwar taya, faifan birki ba ya taɓa ƙasa, liba kuma kada ta jingina da shi ko da zoben ABS. A sa yankin roba tsakanin liba da leɓen rim. Ruwan sabulu ake shafa wa leɓen taya, ban da baƙin mai da fetur da man birki. Kibiyar da ke gefen taya ta kalli inda ƙafar ke juyawa in babur na tafiya gaba. In akwai ɗigon fenti, ya yi daidai da bawul, bawul ɗin kuma a sauya shi sabo. Wajen zaunar da leɓe kada a wuce psi 40. In bai zauna ba a sace iskar, a ƙara sabulu, a sake. Siririn layin da ke zagaye da gefen taya ya fito daidai da bakin rim ta ko'ina, ta ɓangarorin biyu. A yi mata balansin, ko da a kan aksul da kujeru biyu ne, ana manna dalma a sama har ƙafar ta daina komawa wuri ɗaya.

In an rubuta TL a jikinta, marar tib ce, kada a yarda a zura mata tib don ƙusa ta huda ta. Tib yana goga a ciki ya tara zafi, kuma in ya fashe iska gaba ɗaya take fita. Facin wuta ma ba nata ba ne. Ƙaramin huji a tsakiyar doro ana toshe shi daga ciki da faci mai jela, bayan haka wasu kamfanoni na cewa kada a wuce kilomita 120 a awa da ita. Hujin gefe ba shi da gyara.

Bayan an mayar da ƙafar, a daidaita alamomin jan sarƙa na ɓangarorin biyu, a bar wa sarƙa sakin da takardar suwin-am ta faɗa, a ɗaure notin aksul da sufana mai awon ɗauri, sannan a taka birkin baya sau da yawa har ya yi tauri kafin a tayar da inji. Kilomita 150 na farko a bi ta a hankali, ana ƙara kwantar da babur kaɗan-kaɗan har sheƙin sabunta ya goge daga tsakiya zuwa gefe. Washegari da safe a sake auna iska. In ta sauka da fiye da psi biyu, a shafa ruwan sabulu a bawul da kewayen leɓe a nemi inda kumfa ke tashi.